Muryar Goggo a Cikin Kayan da Na Sallama

Layin sauti shida ne a cikin tabilet ɗin, kuma sai da na sayar da shi sannan na tuna da su. Layin farko lugude ne, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Na biyu muryar Goggo, yayar mahaifina, tana waƙar daka. Na uku amshin maƙwabciyata, na huɗu kiɗan ƙwarya, na biyar guɗa. Na shida muryata ce, za mu zo kanta. Da a ce biyar daga cikinsu ne suka ɓata, da sai in dafa shinkafa da wake in tara mata a tsakar gida a sake. Na Goggo ne babu irinsa a kasuwa, don ta riga ta koma Sorau, ta kuma faɗa da bakinta cewa sau ɗaya ta yi, ba ta ƙarawa. Wannan ke nan a hannu ɗaya. A ɗaya hannun kuma akwai maganar da na furta a gaban shaida: na sallama.

Ni 'yar kasuwa ce a Mubi. Da tallan gyaɗa a faranti na fara, yau buhunan wake da gyaɗa nake saya daga Betso da Kolere in ajiye sai sun yi daraja. Amma ba na ƙin kaya ko wane iri ne. Keken ɗinki, firiji, katifa, idan da riba zan taya. Tabilet ɗin ma ta musaya ya shigo hannuna, daga wata ɗaliba da ta gama karatu za ta koma garinsu. Ina da doka guda: ba na sayar da abin da ban san aikinsa ba. Saboda haka kafin ta tafi na zaunar da ita ta nuna min komai. A nan na ga wata manhaja ta ɗaukar sauti. Sai ka ɗauki abu ɗaya, ka dawo kana jinsa a kunne ka ɗora wani a kansa, kowanne a layinsa, a jere kamar kunyoyin gona. Na ce to, wannan sai an gwada.

A daminar nan Goggo ta zo ganin likitan ido, ruwa ya tsare ta a gidana, don mayo, wato rafi, ya cika a hanyarsu, babu mai mashin da zai ɗauki tsohuwa ya shiga da ita. Kakanmu daga ƙasar Katsina ya zo da fatauci, ita Goggo kuma aure ya kai ta cikin Fulanin Sorau, ta daɗe har Fulatanci ya fi Hausa sauƙi a bakinta. Waƙar dakan tata ma haka take. Takan fara da Hausa, ta lissafo garuruwan da kakanmu ya yada zango, da mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kafin ka ankara ta zame cikin Fulatanci ta shiga dangin mijinta da shanunsu. Da waƙar aka yi min reno, kuma babu wanda ya iya ta duka sai ita.

Da na kawo maganar ɗauka sai ta ce, "Ke 'yar nan, muryata ba wake ba ce da za ki ɗura a buhu."

Maƙwabciyata 'yar ƙabilar Kamwe ce mai sayar da man gyaɗa. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa ɗaya ne a wurinta. Ta ce, "Haba Goggo, ka yi mana. Hajiya ba zai sayar da kai ba."

"Wannan? Ko inuwarta aka taya za ta sallama."

Farin goro ne ya raba gardamar. Ni da maƙwabciyar muka fara yin luguden aka ɗauka. Sannan na sa wa Goggo iyafis a kunne don ta ji shi, ta ce kamar ƙuda ya shige mata. Ido ɗaya a ɗaure da bandeji, ta rufe ɗayan. Ta bar taɓare suna ta sauka tana kaɗa kai, har na ɗauka barci ya sace ta, sannan ta shiga. A tsakiyar wasu baitoci kuma sai ta ɗinke baki, taɓarya ta ɗan sauka ita kaɗai, sannan ta ci gaba. Na ce a raina tsufa ne, numfashi take nema. Da ta kai ƙarshe ta cire iyafis ta miƙo min.

"Na biya goronki. Kada ki ƙara kawo min allon nan."

Amshi da ƙwarya da guɗa duk maƙwabciyar ce ta yi, ɗaya bayan ɗaya. Da na kunna mata ta ji kanta sau uku a lokaci guda, ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, ni uku ne a ciki? To ka zuba min abincin mutum uku." Nawa amshin kuwa a ɗakin ajiya na yi shi, tsakanin buhuna, bayan na rufe ƙofa.

Da ruwa ya ja Goggo ta tafi, kaka ta matso, hankalina ya koma kan sabon wake. Tabilet ɗin yana kan tebur a shago, wani Alhaji mai fataucin shanu daga wajen Kolere, tsohon abokin cinikina, ya gani ya ce 'yarsa za ta tafi makaranta, irinsa take nema. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka ina kallon titi. Ya miƙe ya kaɗe riga kamar zai tafi, daga bakin ƙofa ya ƙara ɗan abu, ni kuma bakina da ya saba da aikinsa ya ce, "Na sallama." Mai awona yana tsaye yana ji. Alhaji ya ce zai karɓa ranar kasuwar shanu idan ya gama lodi, don washegari yarinyar za ta tafi.

"A wanke min shi tas, Hajiya. Kada a bar komai a ciki."

Sai da ya sha kwana na tuna Goggo tana ciki.

Wanda bai san kasuwarmu ba zai ce in kira shi in ce na fasa. Ba a yin haka. Da zarar ka ce ka sallama, kaya ya tashi daga naka ko da yana ƙarƙashin gadonka. Tun ina ɗaukar faranti ba a taɓa jin na janye wannan kalma ba, kuma da ita nake ɗaukar wake a Betso ba a nemi wanda zai tsaya min ba.

Ƙanin mijina yana da situdiyo a bayan tasha, ɗaki ɗaya da ya liƙe bangonsa da soso da kwalin ƙwai. A nan yake ɗaukar waƙoƙin biki, da tallan maganin gargajiya, da mawaƙan coci, da 'yan Islamiyya, kowa da ranarsa. Gemunsa ya fara furfura, amma wasan da ke tsakaninmu tun ina amarya bai tsufa ba. Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Na kashe layi na shida don kada in ba shi abin dariya na shekara guda, na danna wurin fitarwa, manhajar ta ba ni fayil ɗaya. Na mayar da shi wayata na tura masa, sannan na bi sawu da ƙafata.

Ya kunna a manyan sifikokinsa. Taɓare suka cika ɗakin, Goggo tana can ƙasa kamar mai waƙa daga cikin rijiya.

Na ce, "Ƙaramin maigida, ɗago min ita."

"Da me, matar yaya? Gauraye kika kawo. Idan na ɗaga Goggo, turmi ya biyo ta. Ke idan aka kawo miki wake da masara da gero a buhu ɗaya, yaya kike yi?"

"In rage kuɗin buhun."

"To na rage." Ya goge fayil ɗin a gabana.

Na miƙa masa tabilet ɗin na ce ya kwashe aikin yadda yake ya zuba a babbar kwamfutarsa. Ya ce ba zai buɗu ba. Manhajar tabilet daban, tasa daban, ba sa jin yaren juna.

"A Mubi? Mai tura baro ma yare uku yake ji. Kwamfutarka ce kaɗai baƙuwa a garin nan?"

Ya ce in kai mata ƙorafin da kaina. Hanya ɗaya ce, in ji shi. A kashe layi biyar a bar ɗaya, a fitar da shi, a sa masa suna. A dawo a kashe shi a kunna na gaba, haka har a gama. A zaɓi fayil mai nauyi, wanda ba a matse ba. Kuma a filash za a kawo, ba ta saƙon waya ba, don saƙo yana matse sauti kamar yadda maƙwabciyata ke matse gyaɗa, mai ya fita a bar maka ƙuli. "Kowanne daga farko har ƙarshe," ya ce. Mawaƙan coci sun cika bencinsa suna jira, sai na ce ya bar shi. Abin da ake yi da yatsa ne, ni ma ina da yatsa.

Da la'asar na zauna a tsakar gida. Na fitar da lugude, sai na ga fayil ɗin ya cinye wuri a filash ɗina, wanda dama hotunan biki sun cika rabinsa. Na tsaya na dubi sauran layukan da idon kasuwa. Layin guɗa kusan duk fili ne, sai ɗan abu can ƙarshe. Na amshi, ɗan sauti, fili, ɗan sauti, fili. Na Goggo, dogon fili a gaba, ga ƙananan giɓi a tsakiya. Ni da nake biyan mota a kan kowane buhu, ban taɓa loda buhu rabinsa iska ba. Buhu jijjiga shi ake, a danna, a ɗinke. Sai na sa yatsa na yanke filayen nan, na jawo kowane guntu ya manne da ɗan'uwansa, na tura su duka bakin farko. Layukan suka dawo gajeru, a cure, gwanin sha'awa. Na fitar da su ɗaya bayan ɗaya, duka suka shiga filash har da ragowar wuri, na rufe manhajar. Ya ce daga farko har ƙarshe, ga su kuwa daga farko har ƙarshe. Shara kawai na cire.

Washegari ce kasuwar shanu. Da hantsi na kai wa ƙanin mijina filash ɗin, ya jera su shida a kwamfutarsa ya danna. Guɗa ce ta fara tsage ɗakin. Amshi ya riga waƙa, ƙwarya ta bi ta kan kowa, Goggo tana zuba baiti a kan baiti babu numfashi kamar mai tallan magani a mota, ni kuma ina ƙasa ina wani abu da ban san sunansa ba. Nan da nan kowa ya gama ya yi shiru, aka bar taɓare su kaɗai suna ta daka.

Ya yi dariya har ya zame daga kujera. "Matar yaya, wannan biki ne ko gobara?" Ya share hawaye ya ce ba komai, a sake fitarwa. Ya buɗe tabilet ɗin, sai dariyar ta tsaya. A can ma haka suke a cure. Manhajar tana ajiye aiki da kanta, kuma tunda na rufe ta babu komawa baya.

"Ina shirun?"

"Wane shiru?"

"Filin da ke gaban kowane layi, da na tsakani."

"Na zubar. Iska ce, tana cin wuri."

"Iskar nan ce ke gaya wa kowa inda zai shigo! Layukan tare suke tashi daga wuri ɗaya, shirun ne ke riƙe kowa har lokacinsa ya yi."

"To ka mayar. Shiru dai ba saye ake ba."

"Nawa zan mayar? Mudu nawa?"

Na nemi wuri na zauna. Ya ce amshi da guɗa zai iya laluben wurinsu da kunne. Goggo kuwa ba ta shiga inda kowa ke shiga, baitinta wani dogo wani gajere, ga tsayawar nan tata a tsakiyar magana. Idan ya yi da ka, waƙa za ta fito, amma ba tata ba. Yana cikin bayani wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, ya ce an kusa gama lodi, bayan azahar yana tafe. Na ce ya same ni a situdiyo.

Ƙanin mijina ya dafe kai. "Da ban goge gaurayen nan ba, da na ɗora shi a sama in bi sawunsa."

"Naka ka goge."

"Kina da shi?"

"Ni da nake share ƙasan shago in sayar wa masu kaji? Ka taɓa ganin na zubar da kaya?"

"Jiya kika zubar da shiru."

"Shiru ba kaya ba ne."

"Yau ya zama."

Na sake tura masa daga wayata, ya ɗora shi a layin sama. A fuskar kwamfutar kowane sauti yana da siffa, tudu da kwari kamar duwatsun da suka kewaye garinmu. Sai ya kama guntun muryar Goggo ya ja shi a hankali a ƙarƙashin gaurayen yana saurare. Idan bai kai ba, sai ka ji Goggo biyu suna gardama. Idan ya dace sai su zama mutum ɗaya. Ya kulle wannan, ya kama na gaba. Guntayen suna da yawa, don na yi aikina da kyau. Ni ce mai cewa matsa kaɗan, shi ne mai cewa in fita in ba shi wuri.

Da aka zo layi na shida babu sawun da za a bi, tunda na kashe shi a gaurayen. Ya ja shi dama ya saurara, ya ja shi hagu ya saurara.

"Matar yaya, albishirinki. Muryarki ba ta da matsala. Duk inda na ajiye ta, kuskuren ɗaya ne."

Na ce ya ajiye ta a waje.

Yana cikin ɗago Goggo sama da turmi Alhaji ya yi sallama, ya jingine sandarsa ya zauna a benci. Muryar ta fito tas, har kana jin goron da ke kumatunta. Da waƙar ta zame cikin Fulatanci sai Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu, yana saurare har guɗa ta tashi a inda ya kamata. Daga nan ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka.

"Hajiya, wannan a cikin allona take?"

"Tana ciki, kafin a wanke."

"To kada a wanke. Idan na sayi saniya da ciki, maraƙin na wa ne?"

"Idan ka ce a tatse ta tas kafin a kawo, nonon na wa ne? Kai ka ce a wanke, mai awona yana tsaye."

Ya yi dariya ya ce an kama shi. Sai ya taya waƙar ita kaɗai, tunkiya da ɗanta, a zuba masa a waya ya riƙa ji a hanyar kudu. Tunkiya da ɗa, a kan kayan da ba ya raguwa idan an ɗiba! Bakina ya buɗe da kansa, na ji kalmar ta taso har maƙogwaro. Sai na tuna wadda ta ce ko inuwata zan sallama.

"Albarka."

Ya gyara zama zai ƙara. Na ce, "Alhaji, wannan albarkar ba ta neman ƙari ba ce." Ƙanin mijina ya tambaya ko a kira min likita.

Na sa aka cire tabilet ɗin daga jikin kwamfuta, aka kunna waƙar daga farko har ƙarshe ba tare da shi ba, aka zuba layukan a filash biyu, ɗaya a wurin ƙanin mijina ɗaya a jakata. Sannan na wanke tabilet ɗin tas na miƙa wa mai shi.

Bayan kaka na hau mashin na tafi Sorau da ƙaramar rediyo mai cin katin memori. Goggo ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Ta ce ita ba ta son ji, ta kuma ce a ƙara sauti. Taɓare suka fara, tana taɓa gwiwa da yatsa, leɓenta ya motsa daidai inda muryar ta shiga. Duk inda muryar ta tsaya ita ma sai ta ɗinke baki.

Ni ba na ɓoye aibin kaya, sai na ba ta labarin yadda na yanke shirun don neman wuri, da yadda aka mayar.

"Wanne kika yanke?"

"Duka. Har wuraren da kike tsayawa neman numfashi."

Ta juyo min da idon da aka gyara. "Numfashi? Ni da nake daka tun ubanki yana goye? Na farkon sunan maigidana ne. Na biyun ɗan farina. Kin taɓa jin na kama sunansu da bakina? Taɓarya ce ke faɗa a madadina."

Na sani sarai mace ba ta kiran sunan miji ko na ɗan fari, kuma tun tasowata ban taɓa jin ta kira ba. Ban dai taɓa zaton abin da ba a faɗa yana da wurin zamansa a cikin waƙa ba.

"Wato mijina da ɗana kika share kika zubar, don hotunan biki su samu wuri."

"An mayar da su, Goggo. Ko ƙwaya ba ta ɓata ba."

Don in wanke kaina sai na kawo mata labarin Alhaji da tunkiyarsa, na gyara zama ina jiran yabo.

"Da ɗanta?"

"Da ɗanta."

"Kika ƙi?"

"Ai ke kika ce..."

"Cewa na yi za ki sayar, ban ce kada ki sayar ba! Tunkiya da ɗa, a kan waƙar da nake yi wa turmi kyauta? Ashe 'yar nan ba ki iya kasuwa ba."

Ga yadda cinikin ya tashi. Tabilet ya tafi a ranar da aka ce, kalmata tana nan da darajarta. Layi biyar sun tsira, na Goggo cikakke, mijinta da ɗanta kowa a wurinsa. A ɓangaren asara akwai muryata, wadda har yau ba wanda ya zo cigiyarta. Akwai abin dariyar da na so in hana ƙanin mijina, ya samu har da gyara. Sai tunkiya ɗaya da ɗanta, waɗanda a bakin Goggo suke ta haihuwa. Da muka yi waya kwanan baya sun zama garke.